HAWAN DUTSE DA ƘANANAN YARA: TARBIYYA CE KO GANGANCI?



Rubutun yau ba shi na yi niyya ba. Wanda na yi niyya na gama tsara shi a kaina tun muna cikin mota, har take na raɗa masa, ina jiran mu kai saman dutse kawai in ɗauki hoto in ɗora muku. Allah bai nufa ba. Ga wanda ya maye gurbinsa.

A hutun makaranta na ƙarshen shekara, cikin hunturu, muka tashi daga Gwaram ni da maman yara da yaranmu uku, muka je Birnin Kudu gaida kakarsu ta wajen uwa. Babban yana da shekara 9, mai bi masa mace ce 'yar shekara 6, sai Auta ɗan shekara 4. Na daɗe ina yi musu alkawarin kai su duwatsun garin, har sun fara yi mini kallon mai alkawarin ɗan siyasa.

Abin kunya ne gare mu mutanen kudancin Jigawa, da yawanmu mun girma muna wuce duwatsun nan a mota ba mu san abin da ke jikinsu ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zane-zanen mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa, mafi yawa na shanu, da jan launi a jikin kogo. Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya yi bincike a kansu a shekarun 1950, yanzu kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Da muka tsaya gaban zanen, babban ya ƙura ido ya ce, "Abba, ina tozonsu?" Wallahi ni ban ma lura ba sai da ya faɗa. Shanun marasa tozo ne, ba irin waɗanda muka saba gani a kasuwanninmu ba. Na ce masa waɗanda suka zana su sun tafi, irin shanun nasu ma sun bar wannan yanki, dutsen ne kawai ya rage yana ba da labari.

Fagg ya yi rubutu a kan wasu abubuwa biyu kuma da ake samu a irin waɗannan duwatsu: duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse suke amo kamar ƙararrawa, da wuraren zamiya, inda falalen dutse ya yi sumul har yana ƙyalli saboda yawan yaran da suka zauna suka sulale a kansa zamani bayan zamani. Wato tun kafin a san wani abu wai shi filin wasan yara mai lilo da fenti, yaran ƙasar nan suna da nasu a kan dutse. A Suwizalan hawa ake yi takanas a gina wa yara wurin wasa can saman tsauni, iyaye su yi ta haki da 'ya'yansu su kai su, waɗanda ba za su iya ba su shiga 'yar motar nan mai tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe. Mu namu Allah ne ya gina, wandunan yara suka goge shi.

To kawun yaran, ƙanin mamansu, shi ya ɓata mana lissafi. Ya ba su labarin wani wurin zamiya a saman wani dutse da suke hawa suna yara. Shi ke nan, babu sauran zaman lafiya.

Da kakarsu ta ji, ta ce, "Malam, ku je da babban, ka bar mini ƙananan nan." Surukuwa ce, ba zan yi musu da ita ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Hajiya." Sai na zagaya ta wajen 'yarta na sauke mata karatu: yara suna lalacewa a gaban waya, jiki yana mutuwa, mumini mai ƙarfi ya fi mai rauni, da sauransu. Duk gaskiya ne. Saƙo ya isa, Hajiya ta leƙo ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Ba ta ƙara ba.

Ba wani tsauni ne na a zo a gani ba, kada wani ya ɗauka Mambila muka je. Amma tsawon dutse da ƙafar mai hawa ake auna shi. Abin da ni nake tsallakewa da taki ɗaya, Auta sai ya sa hannu biyu da gwiwa da ciki. Mun fito a makare, rana ta ɗaga, hazo ya washe. Ledar ruwa huɗu muka riƙo mu biyar. Yara duk da silifas. Yarinyar kuwa da dogon hijabinta na Islamiyya, tana tafiya tana taka shi. Duk wannan na gani, ban ɗauke shi a bakin komai ba, hankalina yana sama.

Wajen rabin hanya akwai wata gangara mai santsi, gefenta tsaga ce tsakanin duwatsu biyu. Kawu ya haye da babban. Na cicciɓi Auta na miƙa masa. Na juyo, sai na ga yarinyar ta zauna. Ta manne da dutse, ta ce, "Abba, ni ba zan iya ba."

Na lallashe ta sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ina ƙirgawa yanzu. Daga nan na koma wa makamin da kowane uba ya gada: "Ke ba kya jin kunya? Ga ƙaninki can ya haye." Ta fara kuka. Na kama hannunta na ja. Silifas ya zame, ta taka hijabin, ta faɗi ta gefe, gwiwarta ta daki dutse. Hannunta yana cikin nawa, shi ya sa ta tsaya. Tsakaninta da tsagar nan bai kai kamu ɗaya ba.

Ƙujewa ce kawai, alhamdu lillahi. Amma tun ranar tambaya ɗaya take bina har kan sallaya: shin ya halatta uba ya ɗauki yaro ƙarami, amanar da aka ba shi, ya kai shi inda zai iya jin ciwo, alhali babu larura, wasa ne kawai?

Amsa mai sauƙi ita ce a'a, kuma na san da yawanku ita za ku rubuto mini, har da ayar nan ta 195 a Suratul Baƙara wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Sai dai a tuna yadda Sahabi Abu Ayyubal Ansari (R.A) ya gyara wa mutane fahimtar ayar a yaƙin Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau. Wani ya kutsa cikin sahun Rumawa, jama'a suka ce ya jefa kansa cikin halaka. Abu Ayyuba ya ce musu a kansu Ansar ta sauka, lokacin da suka yi shawarar su koma su zauna cikin dukiyarsu su gyara ta. Ka ga ashe zama ma yana iya zama halakar. Malamanmu na Malikiyya kuma da suka zo batun shiga teku don aikin Hajji ba su sharɗanta a ce babu haɗari sam ba, domin babu wannan tafiyar a duniya. Abin da suka duba shi ne wanne ya fi rinjaye, tsira ko halaka. Da rashin haɗari gaba ɗaya ne ma'auni, da ba mu sa yaro a mota daga Gwaram zuwa Birnin Kudu ba, kuma kowa ya san titi ya fi dutse cin rai.

Masu nazarin ƙananan yara na zamani ma sun biyo ta nan. Wata malama 'yar Norwe, Ellen Sandseter, ta zauna tana lura da yara suna wasa, a 2007 ta fitar da nau'o'i shida na wasan da yara suke nema da kansu saboda ɗan tsoron da ke ciki, daga ciki akwai hawa wuri mai tsawo da gudu mai tsanani. Ra'ayinta shi ne ta haka yaro yake koyon auna abin tsoro, yana kusantarsa kaɗan-kaɗan har ya san iyakarsa. Mu da muka tashi muna hawan tsamiya da mangwaro ba ma buƙatar a fassara mana. Yaron da aka tsare daga kowace ƙujewa ba tsira ya yi ba, an dai ɗage masa faɗuwar ne zuwa ranar da babu mai riƙe hannunsa. Kuma in za mu faɗi gaskiya, wani hanin ba don yaron ake yinsa ba, uba ne yake sayen kwanciyar hankalinsa, yaro ya biya kuɗin.

To in haka ne ban yi laifi ba ke nan? Na so ƙwarai in tsaya a nan. Amma dalilan nan duk sun wanke zuwan ne, ba su wanke jan hannun ba.

Ku dubi ƙissar Annabi Yaƙubu (A.S) a Suratu Yusuf. 'Ya'yansa suka nemi ya bar ƙaninsu ya bi su daji ya yi wasa ya sha iska. Uba ya ji tsoro, ya kuma faɗi abin da yake tsoro: kerkeci, a lokacin da suka shagala. Duk da haka ya bar shi ya tafi. Na karanta ƙissar nan, na fassara ta a tafsirin azumi ba sau ɗaya ba, amma sai a kan dutsen nan wani abu ya faɗo mini. Kerkecin da aka ji tsoro bai taɓa Yusuf ba. Dajin bai yi masa komai ba. Cutar ta fito ne daga hannun waɗanda aka damƙa musu shi. Ba ina haɗa kaina da masu jefa ɗan'uwansu a rijiya ba ne, Allah ya tsare. Amma ranar nan yarinyata tana zaune daram, ta manne da dutse, babu abin da zai same ta. Jikinta ya gaya mata gaskiya, cewa da wannan takalmin da wannan hijabin ba za ta haye ba. Abu mafi haɗari a kan dutsen nan a wannan lokacin hannun ubanta ne.

Me ya sa na ja? Na bincika zuciyata, abin da na samu ba shi da daɗin faɗa. Na ja ne don na riga na nuna wa Hajiya na fi ta sani, ba na so in koma da yarinya ba ta kai ba. Na ja ne don ƙanin matata yana sama yana kallona. Na ja ne kuma saboda ku, masu karatu: akwai rubutu a kaina mai taken yadda ake tarbiyyar yara jarumai, kuma rubutun yana buƙatar hoton yara uku a saman dutse, ba biyu ba. Wato tun daga gindin dutsen hawan ya daina zama nasu, ya zama nawa. Su kayan aiki ne kawai.

A nan nake ganin bakin zaren yake. Haɗari iri biyu ne a wajen yaro. Akwai wanda yake gani da idonsa: gangara, tsawo, santsi. Wannan rabonsa ne, shi zai kalla, ya auna, ya ji gabansa ya faɗi, ya yanke shawarar ya taka ko ya dakata, kuma a cikin wannan aunawar ne duk amfanin yake. Akwai kuma wanda ba ya gani: maciji ko kunama a cikin tsaga, dutsen da yake girgiɗi, ƙishirwar da za ta zo bayan awa ɗaya, zafin da falalen dutse yake ɗauka da azahar har ba ya takuwa, da cewa saukowa ta fi hawa wuya ga ƙafar da ta gaji. Har da tambayar mutanen gari ko wurin lafiya yake, a wannan zamani da muke ciki. Wannan shi ne rabon uba. Hausawa suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni kuwa sai na juya abin. Na yi sakaci da nawa rabon, ruwa da takalmi da lokaci da tufafi, sannan na ƙwace nata, wato ikon cewa yanzu na shirya.

Abin da ya fi ba ni kunya, wannan darasi ne da nake koyar da shi a masallaci. Kowane ɗalibin fiƙihu ya san liman da mafi raunin mamu yake auna sallarsa. Mun san yadda Manzon Allah (S.A.W) ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal (R.A) faɗa mai zafi da ya tsawaita wa mutanensa karatu a sallar isha'i. Mun san shi da kansa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan jariri, ya taƙaita don tausayin uwar. Mun san ranar da ya daɗe a sujada har Sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasansa ba. Salla fa, jama'a. An rage ta don kukan yaro, an ƙara ta don wasan yaro. Ni kuma na kasa jinkirta hawan dutse na minti goma.

Kuma kada a ce tausayi ne kawai babu auna ƙarfi. A yaƙin Uhudu an mayar da Abdullahi ɗan Umar (R.A) gida yana ɗan shekara 14, duk da yana so, aka karɓe shi a Handaƙ yana da 15. Shi yana roƙo a bar shi ne ma aka ce bai kai ba. Ina ga wanda yake kuka yana cewa ba zai iya ba?

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mu ma haka aka yi mana, ga mu mun zama mutane." Haka ne, ga mu. Amma waɗanda suka tsallake ne suke ba da labari. Wanda aka ja ya karye, ko wanda ya tsani abin har abada, ba ya zuwa majalisa ya yi alfahari. Kuma dutse ai misali ne kawai, ni nawa ya zo da ƙujewar da ake gani. Akwai uban da yake tsaye kan ɗan shekara shida da bulala sai ya haddace izu kaza kafin musabaƙa, ba don yaron ba, don a kira sunan uban a lasifika. Akwai wanda yake ɗora ɗan shekara goma a kan babur yana dariya yana ɗaukar bidiyo. Akwai wanda yake sa ɗan shekara biyar a mota zuwa wani gari neman karatu, babu guzuri, babu waiwaye, ya ce wahala ce take gyara yaro. Wannan na ƙarshen ma ni da na ja hannu na fi shi ta fuska ɗaya, domin ina riƙe da hannun lokacin da ƙafa ta zame. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa yana tsaye a wurin, yana jin iccen a hannunsa, yana sanin inda in ya ƙara zai ɓalle. Wanda ya ɗora wa icce dutse ya tafi abinsa ba tanƙwarawa yake yi ba.

Akwai abin da har yanzu ban warware ba, ba zan ɓoye muku ba. Wani lokaci yaro yana cewa ba zan iya ba alhali zai iya, ɗan turi kaɗan yake buƙata, in ka bar shi ka cuce shi. Yaya uba zai bambance wannan da wancan? Babu ma'aunin da zan ba ku a rubuce. Abin da na gane dai shi ne, uban da zuciyarsa take cike da me za a ce ba zai iya bambancewa ba, domin ba yaron yake kallo ba. Da na kalle ta da kyau, da na ga ƙafarta tana rawa.

Bari in ƙarasa muku labarin. Na ce wa kawu ya wuce da babban, ya miƙo mini Auta. Muka koma wata 'yar inuwa a ƙarƙashin wani dutse muka zauna mu uku. Na wanke mata gwiwa da rabin ledar ruwa. Na ce mata, "Ki yafe mini, ni na yi laifi." Ban taɓa sanin maganar nan tana da nauyi haka ba sai da na faɗa wa 'yar shekara shida. Ba ta amsa ba, ta juya mini ƙeya.

Muna nan sai ga wata yarinya 'yar unguwar, ba za ta wuce shekara takwas ba, ta biyo awakinta. Ta dube mu, ta dubi gwiwar, ta ce da 'yata, "Ke, ai ba a hawa da takalmi. Cire. Ki ɗaure hijabin a ƙugu." Ta haye gangarar nan da ta gagare mu kamar mai shiga ɗaki, ta sauko, ta sake hayewa a hankali tana nuna mata inda ake sa yatsu. Ban ce uffan ba, na kama bakina da ƙyar. Can sai 'yar tawa ta tashi da kanta, ta tuɓe silifas, ta taka uku, ta dawo. Ta sake, ta taka biyar, ta dawo. Ba ta haye ba. Sai baƙuwar ta ce akwai wani ƙaramin wurin zamiya nan ƙasa, wanda ƙannenta suke yi. Tsawonsa bai fi tsayin mutum ba. Nan suka yi ta sulalewa su uku har da Auta, suna ihu, har babban ya sauko daga sama yana cika baki ba wanda ya saurare shi.

Da muka koma gida Hajiya tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ce, "Malam, an dawo?" Na ce, "An dawo, Hajiya." Ta jawo yarinyar, ta dubi gwiwar, ta aika a ɗauko mata man kaɗanya. Tana shafawa ta ce, "Garin yaya?" Yarinya ta ce, "Abba ne ya ja ni." Hajiya ba ta ɗago ba, ba ta dube ni ba, ta ci gaba da shafawa. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wandon Auta kuwa ya tashi daga aiki, bayansa ya zama taga. Jiya da dare ina shirin fita isha'i yarinyar ta biyo ni zaure ta ce in an yi hutun Salla tana so a koma, amma da wando za ta je, kuma kada in riƙe mata hannu sai ta ce. Na ce mata sai mun tambayi Hajiya tukuna.